Kyamarar taimlaps ko ta sola mai layin waya: wacce zaka kafa a wurin gininka in kana nesa?

Duk wanda ya taɓa yin gini yana wani gari aikin yana wani gari ya san ciwon kan da nake nufi. Ka tura kuɗin siminti buhu hamsin ran Litinin, kafin Juma'a a kira ka ace ya ƙare, kace to a turo hoto, sai a turo maka hoton bango ɗaya daga kusurwar da aka ɗauka satin jiya, ka zuba masa ido har ka gaji baka gane ko an ƙara layin bulo uku bane ko ba'a ƙara komai ba. Ni ina aiki a Fatakwal fulotina kuma yana bayan garin Kano ta hanyar Gwarzo, sai bayan wata biyu ko uku nake leƙowa gida, wanda na ɗora akan aikin kuma ɗan baffana ne, kaga kuwa ba mutumin da zan tsare da tambaya kamar ɗan sanda bane, magana ɗaya in ta karkace sai ta zama ta dangi. Wannan ne ya jefa ni harkar kyamara, na gwada kala uku da kuɗina na kuma ga wasu a hannun abokai, shi yasa nace bari in baje abun da na gani ko wani zai huta da asarar da na yi.

Shi taimlaps ɗin ba wani sihiri bane. Kyamara ce ke tsaye wuri ɗaya tana ɗaukar hoto guda, ta yi shiru, bayan wasu mintuna ta sake ɗauka, daga baya a jera hotunan su gudu da sauri sai kaga gida yana tsirowa daga ƙasa kamar shuka. Lissafinsa ma mai sauƙi ne. In ka saita ta hoto ɗaya duk minti 5 daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, awa goma kenan, hoto 120 a yini. Bidiyo kuma yawanci hoto 30 yake cinyewa a sakan ɗaya, wato yinin aiki guda ya koma sakan 4 kacal. Satin aiki mai kwana shida sakan 24, wata shida bai fi minti goma da ɗan ɗori ba. In ka matso da ita zuwa hoto ɗaya duk minti to hoto 600 ne a yini, sakan 20. Ka riƙe wannan lissafin dan zamu dawo kansa, a cikinsa amfanin abun yake kuma a cikinsa rauninsa yake.

Na fara ne da abun da kowa zai fara tunani, tsohuwar waya. Akwai wata Samsung da na daina amfani da ita, na sa mata manhajar ɗaukar hoto lokaci-lokaci, aka ƙera mata ɗan akwatin langa-langa aka ɗaure a jikin katangar maƙoci da fawa bank. Wallahi kwana tara tayi. Watan Afrilu ne, zafin Kano yana wuce digiri 40, ita kuma waya ko a takardar kamfanin Apple an rubuta tsakanin sifili zuwa 35 ake so tayi aiki, sauran wayoyin ma duk kusan hakan ne, balle ace tana cikin akwatin ƙarfe a rana tana caji tana ɗauka. Kullum wajen azahar sai ta kashe kanta, daga ƙarshe batirin ya kumbura ya ɗaga murfin baya. Ga kuma wahalar wanda zai riƙa sauya fawa bank kullum, duk sanda ya taɓa ta kuma sai saitin ya goce, bidiyon ya fito yana tsalle-tsalle. Masu iPhone kuma su sani taimlaps ɗin da ke cikin wayar shi yake zaɓar tazarar da kansa, ko awa nawa ka ɗauka zai dunƙule maka shi cikin sakan 20 zuwa 40, yana zubar da hotuna yana tafiya. Waya tana da rana guda ɗaya, ranar zuba dakin, wato kankaren rufin saman gini, ka kafa ta a inuwa tun safe ka sauke da yamma, wannan kam zata yi maka kyau sosai. Amma aikin wata da watanni ba nata bane. 'Yar ƙaramar kyamarar nan GoPro ma duk ɗaya ne, hotonta tas amma batirinta awa ɗaya zuwa biyu ne, kuma irin kayan da ido ke bi ne, yaro ɗaya zai cusa ta a aljihu.

To sai na koma wa ainihin kyamarar da aka ƙera dan wannan aikin, wacce aka fi sani ita ce Brinno ta ƙasar Taiwan. 'Yar ƙarama ce, batir ɗin AA guda huɗu take ci irin na rediyo da tocila, tana da gidanta na roba mai hana ruwa da ƙura, ka sa mata katin memori ka saita tazara da awannin da zata riƙa farkawa shikenan. Abun da ya burge ni da ita shine bata damu da NEPA ba bata damu da sabis ba, tsakanin hoto da hoto barci take, shi yasa batiri ke kai ta makonni har watanni gwargwadon tazarar da ka sa, kuma ita da kanta take haɗa bidiyon a ciki ba sai ka zauna gaban kwamfuta kana jera hotuna dubu goma sha ba. Tsohuwar TLC200 Pro hotonta 720p ne, sababbin irinsu TLC2020 da TLC300 sun kai 1080p, in zaka saya kar ka yarda da ƙasa da 1080 dan daga nesa 720 ko fuskar mutum baka rabewa.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Bata da layin waya. Duk abun da ta gani yana cikin cikinta sai wani ya hau tsani ya zare katin, ya kwafe, ya turo maka. Kaga kenan wanda kake son ka sa wa ido shine zai ciro maka shaidar, ko kuma ka jira sai ka zo da kanka. Ni sai da na zo hutun sallah na zare katin na zauna da daddare na kalla, naga abubuwa da yawa kam, naga akwai sati guda cur da babu wanda ya taka wurin alhali a satin na tura kuɗin leburori, amma me zan yi, abu ya wuce da wata biyu, in na tada maganar ma sai ace ai ruwa aka yi ko birkila ne aka yi masa rasuwa. Wani abokina kuma nasa ya fi nawa ciwo, batirin ya mutu tun sati na uku bai sani ba, kyamara na nan a maƙale kamar tana aiki, ya zo bayan wata huɗu ya tarar da fandishan kawai ta ɗauka. Bata da bakin da zata gaya maka ta mutu. Sannan duk sanda aka sauya batiri a duba kwanan wata da agogonta, in ya goce to shaidar taka ta zama labari.

Ta ukun ita ce wacce yanzu ta cika kasuwa, kyamarar tsaro mai faifan sola da gurbin layin waya, zaka same ta a Farm Centre a Kano, Banex a Abuja, Alaba ko Computer Village a Legas, daga masu suna irinsu Hikvision da Reolink har zuwa marasa suna da ke aiki da manhajar V380. Ita wannan ido ce ba mai ajiye tarihi ba. Kana zaune a ofis ka buɗe waya kaga wurin a daidai wannan lokacin, wasu har magana zaka yi a ji ka. Ranar farko da na kunna tawa misalin ƙarfe goma na safe na kira ɗan baffan nawa nace ya aiki, yace yaya ai gamu a kai mutum tara ne yau, ni kuma ina kallon mutum huɗu, biyu ma suna ƙarƙashin darbejiya suna shan koko. Ban ce masa komai ba nace Allah ya taimaka, da yamma na tura kuɗin mutum huɗu da hoton da na ɗauka daga manhajar, bai ce uffan ba nima ban ƙara ba, daga ranar lissafi ya daidaita.

Sai dai kar mai shago ya ruɗe ka da cewa duk kyamarar sola tana taimlaps, da yawa cikin masu arahar nan basa yi, abun da suka iya shine su farka in sunga motsi su ɗauki ɗan gajeren bidiyo. Wasu samfuran Reolink suna da shi a cikin manhajarsu, amma ka sa a buɗe maka a nuna maka a shagon kafin ka biya, kar ka tsaya kan abun da aka rubuta a kwali. Shi kuma farkawa da motsin nan an yi shi ne dan ƙofar gida inda mutum ke wucewa jefi-jefi, a wurin gini kuwa motsi baya tsayawa tun safe, sai kaga wayarka ta cika da saƙon gargaɗi ɗari biyu a yini batirin kyamarar kuma yana zuƙewa kafin la'asar, gashi na'urar jin motsin bata wuce kamar mita goma ba, abun da ke can ƙarshen fuloti bazata ma farka dominsa ba. Dole ka zauna ka saita ta, da rana hoto lokaci-lokaci, da daddare kuma motsi.

Ga maganar data, wacce tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ya fara lissafi da ita. In hoto ɗaya ya kai kamar megabait ɗaya, hoto 120 a yini bai wuce giga uku da rabi da ɗan ɗori a wata ba, wannan ba komai bane. Kallon kai tsaye shine mai cin kuɗi, a matsakaicin inganci ma awa ɗaya tana iya lashe megabait 450, kuma abun yana da jaraba wallahi, satin farko ni kaina na zama kamar mai kallon ƙwallo, uwargida ma ta karɓi lambar sirrin tana leƙawa taga ina aka kai da kicin ɗinta, kafin kwana goma data ta ƙare kyamara ta makance. Layin da zaka sa mata kuma sai mai rajista da NIN, ka sa naka ba na mai gadi ba, dan ranar da kuka rabu da shi layinka ya tafi. Kafin ka sayi komai ka sa a je fulotin da waya a gwada MTN da Airtel da Glo a daidai inda za'a kafa ƙarfen, 4G ake nema ba sandar kira kawai ba, sababbin unguwannin bayan gari da yawa kira yana shiga amma bidiyo sai dai ya yi ta juyawa. In an aiko maka da ita daga Amurka ma a gwada ta da layinmu tukunna, ba duka ke kama sabis ɗin nan ba. Kuma ko da mai layi ce a sa mata katin memori, mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sokoto da Kaduna sun ga yadda aka rufe sabis gaba ɗaya a 2021, ko ba wannan ba ma sabis ɗinmu ka san halinsa. Katin ma a kula, jabu sun yi yawa, an rubuta giga 128 a jiki cikinsa ko 8 bai kai ba, yana cika sai ya riƙa taka na baya a ɓoye. Mai 32 na gaske ya ishi hotunan wata shida.

Wani abu da ba wanda ya gaya min, masu juyawar nan da zaka murza daga waya su kalli hagu su kalli dama suna da daɗi wajen sa ido amma su ne maƙiyan taimlaps. Shi taimlaps so yake kyamara ta kafe kamar an dasa ta, in yau ka juya ta kaga tarin yashi gobe ƙaninka ya juya ta yaga ƙofa, bidiyon ƙarshe jiri kawai zai sa mai kallo. In kana son duka biyun to ko dai ka sayi mara juyawa mai faɗin gani, ko ka haƙura ka kafa biyu.

Akwai kuma na manya, irin Tikee ta kamfanin Enlaps na Faransa wacce ta haɗa komai wuri ɗaya, sola a jikinta, layin waya, ido biyu masu ɗauko faɗin digiri 220, hotuna suna hawa intanet da kansu kana iya jawo ranar kaza ka jera ta da ranar kaza. Su EarthCam da OxBlue na Amurka kuma hidima suke sayarwa gaba ɗaya. Suna da kyau babu ƙarya, amma kuɗinsu da yuro da dala ne ga biyan wata-wata, wannan sai mai gina rukunin gidaje ko plaza ko ɗan kwangilar da zai cusa kuɗin cikin takardar aiki. Mai gina ɗaki uku da falo ya wuce kawai. Jirgin nan mara matuƙi shima mutane suna tambaya, shi ba kullum yake sama ba sai dai a zo a ɗauka duk sati ko duk wata, yana da amfani ga titi ko babban fili, kuma a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a yanayin da arewa ke ciki kuwa ba abun da zaka ba yaro ya tayar a unguwa bane.

Yanzu mu koma kan lissafin can na farko. Hoto ɗaya duk minti 5 yana nufin tsakanin hoto da hoto akwai minti 5 da kyamara bata ga komai ba, mutum ya ɗora buhu biyu a babur ya fice ana kiran magariba minti biyu ya ishe shi. Dan haka duk wanda yace maka taimlaps zai kama ɓarawo bai gaya maka gaskiya ba, abun da zaka gani kawai tarin ya ragu. Kama hannu sai mai layi da ke farkawa da motsi, kuma a kafa ta kusa tana kallon ƙofar sito ba can saman ƙarfe ba. Inda taimlaps ya fi ƙarfi daban ne. Zai gaya maka ranar da tifa ta sauke yashi da ko sau nawa ta zo, dan tarin baya ɓuya. Zai gaya maka ƙarfe nawa aka fara aka tashi, kwana nawa wurin ya zauna shiru. Zai nuna maka ranar dakin ko a tashi ɗaya aka zuba ko an tsaya a tsakiya an ƙarasa washegari, wanda injiniyoyi basa so sam in ba'a tsara wurin tsayawar ba. Wanda ya fi min amfani duka shine ban ruwa. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla sati guda, sai kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma jiƙaƙƙen kankare kalarsa ta fi duhu, a bidiyo zaka ga saman dakin yana duhu yana fari yana duhu yana fari, in kaga ya yi fari fat kwana uku a jere to kuɗin 'yan garuwan da aka karɓa a wurinka wani wuri suka nufa. Haka cire katakon ƙarƙashin dakin, injiniyan da ya duba min yace a bar shi sati uku, kafinta kuma yana da wani aikin da yake son kai katakonsa, da kwanan wata a jikin hoto babu gardama.

Abun da ko wacce cikinsu bazata gani ba shine wanda ya fi kashe gini. Daga nisan mita ashirin rodi mai kaurin milimita 12 da mai 10 duk ɗaya suke, tazarar ɗaurin ringi baka ganinta, kwaɓin da aka ce siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu baka san ko kwanon sarki nawa aka ƙara ba, bulon da aka buga da siminti kaɗan wanda zaka murje da yatsa shima a hoto kyakkyawa ne. Shi yasa nake cewa ka fara duba yadda kake biyan ma'aikatanka. In yini kake biya, kyamara zata dawo maka da kuɗinta da wuri dan ƙirga kai da ƙirga awa shine aikinta. In jinga ka bayar, ba ruwanka da mutum nawa suka zo, matsalarka sauri ne da ha'inci a cikin aikin, mai jinga so yake ya gama ya karɓa, kuma nan kyamarar sama bata da ta cewa. Wannan sai mutum ya tsaya da ƙafarsa, injiniya ko wani wanda ya san aiki wanda ba shi da haɗi da masu aikin, ya zo ranar ɗaurin rodi kafin a zuba, ya ɗora tef akan rodin ya ɗauka kusa da kusa. A ce masa ya yi amfani da manhajar da ke buga kwanan wata da wuri a jikin hoto, in zai turo ta WhatsApp kuma ya turo a matsayin fayil dan in ya turo a hoto matse shi ake yi ya dushe. Sannan da zarar an yi rufi aiki ya koma ciki, wayarin, famfo, filasta, tayil, silin, ta waje ta zama mai gadin ƙofa kawai, bututun da aka binne a bango in ba'a ɗauke shi kafin filasta ba shikenan sai ranar da ya fara yoyo.

Wajen kafawa ma akwai abubuwan da sai ka ƙone kake sani. Kar ta kalli gabas ko yamma, rana zata wanke hoton safe ko na yamma, a ƙasarmu ta arewa mafi yawan shekara rana ta kudu take karkata, dan haka ka tsaya ta kudu da ginin kyamara ta kalli arewa. Kar a ɗaure ta a katako, yana lanƙwashewa da damina iska kuma tana kaɗa shi, bututun ƙarfe mai kauri a binne da kankare shine magana. In bene zaka yi ka bar sarari da yawa a saman hoton tun ranar farko, ni ban bari ba, da aka hau sama sai ƙafafun magina kawai nake gani. Lokacin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana rufe gilashin da faifan solar, duk sati sai an hau an goge da tsumma mai laushi in ba haka ba hoto ya yi hazo caji ya ragu, da daddare kuma fitilarta na jawo ƙwari gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashin.

Sai maganar da ta kusa haɗa ni faɗa, maƙota. Kyamara a saman ƙarfe mai tsawon mita biyar ko shida ba fulotinka kaɗai take gani ba, tana iya leƙa tsakar gidan mutane inda iyali ke harkokinsu babu mayafi, kuma ka san wannan a wurinmu ba ƙaramin abu bane. Kwana biyu da kafa tawa wani dattijo da ke bayanmu ya aiko a kira ni, na kira shi na gaishe shi yace Alhaji wannan abun da ka rataya mana a ka fa, nace Baba wallahi ginin kawai take kallo, yace to a nuna min. Sai da na sa aka kai masa waya ya gani da idonsa, ashe kuwa gefen hoton ya ɗan kamo bakin rijiyarsu, kunya ta kama ni, aka sauke ta ƙasa kaɗan aka liƙa mata ɗan langa-langa a gefe ya tare wajen. Da na fara zuwa wurinsa da mai unguwa kafin a kafa da duk ba'a yi haka ba. Mai juyawa ta fi tada hankali a nan dan ko ka rantse bazaka juya ba babu mai tabbas. Su ma ma'aikata a gaya musu akwai kyamara kar a ɓoye, na farko haƙƙinsu ne, kuma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 in har zaka watsa fuskokinsu a TikTok ko Facebook kana tallar aiki, na biyu kuma sanin tana nan ɗin shine rabin amfaninta. Birkilana cewa yayi oga ai gara haka, yanzu in kayan aiki basu zo ba kaima kana gani bazaka ce mu muka ƙi aiki ba, kuma gaskiyarsa, sau biyu bidiyon ni ya kama da laifi, na makara tura kuɗin tsakuwa mutane suka zauna.

To wacce zaka ɗauka. In kai mai gida ne kana Legas ko Abuja ko Saudiyya ana maka gini a gida kuma akwai 4G a wurin, ni dai mai sola da layi zan ce maka, mara juyawa, wacce ka tabbatar da idonka tana ɗaukar hoto lokaci-lokaci, ka ware kuɗin wanda zai zo maka duba na kusa a ranakun fandishan da linta da dakin. Bidiyon da zata haɗa maka bazai kai na Brinno kyau ba amma kai ba fim kake nema ba, so kake ka sani yau tun kuɗin gobe bai fita ba. In kuma kai ɗan kwangila ne ko injiniya kullum kana wurin, baka buƙatar ido dan naka idon yana nan, abun da kake buƙata shine shaida ranar da mai aiki zai ce ka ja masa lokaci da kuma bidiyo mai kyau da zaka nuna wa wanda kake neman aikinsa, to Brinno ta fi maka, babu data babu layi, ka sa a ranka duk ranar Asabar zaka duba batiri ka kwafe kati. Haka wanda fulotinsa ke ƙauye inda sabis baya kaiwa, shima ita ce tasa ko yana so ko baya so, sai dai ya nemi mutum na daban wanda zai riƙa ciro katin ba mai kula da aikin ba. Mai babban aiki ya haɗa biyu, ɗaya a sama tana tarihi ɗaya a ƙofar sito tana gadi.

Tawa mai layin har yanzu tana nan, da aka gama waje na sa aka sauke ta daga ƙarfen aka mayar da ita falo tana kallon inda aka jibge kwalayen tayil, Brinno ɗin kuma na ba wa wani abokina da zai fara fandishan a Dutse bayan damina, na haɗa masa da batir fakiti biyu nace ya rubuta ranar sauyawa a jikin bangon sito da gawayi.